Tutar Ƙasa da Kyan Fuska a Fagen Wasanni

A watan Oktoban 2014 wani gidan talabijin na Rasha ya gayyaci Shamil Tarpischev cikin shirinsa na barkwanci da ake yi da dare. Tarpischev ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban hukumar ƙwallon tanis ta ƙasar, shi ya riƙa koya wa Boris Yeltsin wasan, kuma yana cikin kwamitin Olamfik na duniya. Mai gabatar da shirin ya juya ga tsohuwar 'yar wasa Elena Dementieva da zancen yadda ake ji idan aka kara da 'yan matan gidan Williams, wato Serena da Venus. Sai gogan naka ya yi karaf ya ce ai samarin gidan Williams ne, ya ƙara da cewa ko kallonsu abin tsoro ne. Hukumar tanis ta mata, WTA, ta ci shi tarar dala 25,000, ta kuma dakatar da shi shekara guda.

Barkwancin nan aro ya yi, kuma a kan 'yan ƙasarsu aka fara yin sa. Shekara hamsin kafin wannan dare, Tarayyar Sobiyet tana da wasu 'yan'uwa biyu mata, Tamara da Irina Press. Tamara gwanar jifan dalma da jifan faifai ce, Irina kuma ta gudun tsallake shinge. Tsakanin Olamfik ɗin Rum na 1960 da na Tokyo na 1964 sun kwashi zinare biyar su biyu. Jaridun Yamma ba su tsaya yabon horon da aka ba su ba, sai suka laƙaba masu "samarin gidan Press". Da aka fito da binciken jinsi a gasar Turai ta 1966 a Budapest, su biyun ba su je ba, ba su kuma sake fitowa babbar gasa ba. Har suka koma ga Mahaliccinsu babu wanda ya kawo hujja a kansu, amma sunan ya bi su. Tarpischev ya tashi a zamanin da ake yi wa nasu wannan gori, ya adana shi, da ya samu dama ya juye wa 'yan Amurka. Ramuwar gayya, an ce ta fi gayya zafi.

Wannan shi ne ɓangaren da kowa zai iya hasashe: idan ƙasa biyu na gaba, kowace tana muzanta 'yan wasan ɗayar. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai 'yan wasan abokan gaba da ba a taɓa muzanta su ba, sai ma rungumarsu da aka yi hannu bibbiyu, kuma in ka jera su za ka ga abin da ya haɗa su.

Ɗauki Olga Korbut. A Olamfik ɗin Munich na 1972, yaƙin cacar baka na tsakiyar ganiyarsa, wannan yarinya 'yar shekara 17 daga Belarus ta fito wa Sobiyet a wasan alkafura da lanƙwasa jiki. Ƙaramar halitta ce, gashi a ɗaure gida biyu, ga murmushi. A kan sandunan lilo ta yi kuskure bayan kuskure, alƙalai suka ba ta 7.5, ta koma kujera ta fashe da kuka, kyamara na kanta. Amurkawa da aka raina a kan cewa 'yan kwaminis injuna ne marasa zuciya suka ga yarinya tana share hawaye, shi ke nan ta shiga ransu. Wadda ta lashe babbar lambar gaba ɗaya a gasar ita ce Ludmilla Tourischeva, 'yar tawagarsu, mace mai kamun kai da ɗaure fuska. Korbut ta bakwai ta zo a wannan jeri, ko da yake ta ci zinare a wasu ɓangarori. Amma a 1973 Korbut ce kowa ke son gani da tawagar ta zagaya Amurka, har Shugaba Nixon ya karɓe su a fadarsa. Tourischeva kuwa sai masana wasan ne ke tuna ta.

Jamus ta Gabas ta fi kowa gane wannan lissafi, don ta ɗanɗana ɓangarorinsa biyu. A Olamfik ɗin Montreal a 1976 matanta sun ci zinare 11 cikin 13 na ninƙaya. Wata Ba'amurkiya, Shirley Babashoff, ta fito ta yi ƙorafin faɗin kafaɗunsu da kaurin muryarsu, jaridun ƙasarta ma suka ce zafin kaye ne ke damun ta. Sai bayan rushewar katangar Balin takardu suka fito suka nuna gwamnati ce da kanta ke ɗura wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara ƙarfi, da yawansu tun suna yara, ana ce masu bitamin ne. Dole a faɗi wannan, don ba kullum ne ido ke ƙarya ba. To amma gwamnatin da ta yi wa 'yan ninƙaya haka ita ce kuma ta raini Katarina Witt, 'yar rawar zamiya a kan ƙanƙara, wadda Turawan Yamma da kansu suka yi wa kirari da fuska mafi kyau ta gurguzu.

Wasan Witt irin wanda ba agogo ke yanke hukuncinsa ba ne. A lokacin alƙalai tara ne daga ƙasashe daban-daban, kowa ya ba da maki biyu, ɗaya na gwaninta, ɗaya na ƙayatarwa, iyakar kowanne 6.0. To me ake nufi da ƙayatarwa, in ba abin da ya kwanta wa alƙali a rai ba? A Olamfik ɗin hunturu na Calgary a 1988 aka haɗa ta da Debi Thomas ta Amurka, baƙar fata, ɗalibar da ke shirin karatun likita a jami'ar Stanford, wadda ta taɓa doke Witt a gasar duniya ta 1986. Sai aka yi dace su biyun kiɗa ɗaya suka zaɓa. Jaridu suka raba masu matsayi tun kafin a shiga fili: Witt mai kwarkwasa da sace zukata, Thomas mai ƙarfi da tsalle. Gaskiya Thomas ce ta kayar da kanta, don ita ke gaba kafin zagayen ƙarshe, ta yi ta tuntuɓe wajen sauka, ta ƙare da tagulla. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. 'Yar ƙasar kwaminis ce ta zama tauraruwar Amurka, gwamnatinta ta sake mata mara ta fita yawon wasan kuɗi, abin da ba ta saba yi wa 'yan wasanta ba. Thomas, baƙar fata ta farko da ta ci lamba a Olamfik na hunturu, ta koma makaranta ta zama likitar ƙashi.

Ni dai abin da na gani cikin waɗannan labarai shi ne kyan fuska biza ne. Wadda aka ga kyanta ana yafe mata tutar da ta ɗauko, a raba ta da gwamnatinta, a ce ita daban ce. Wadda ba a gani ba kuwa, ita ake ɗora wa duk laifin ƙasarta, jikinta ya zama hujjar cewa mutanen can 'yan maguɗi ne. Kuma babu inda wannan ya fito fili da alƙaluma kamar tsakanin Maria Sharapova da Serena Williams.

Ranar 3 ga Yulin 2004, a babban filin Wimbledon, Sharapova tana 'yar shekara 17 ta doke Serena da ci 6-1 da 6-4, alhali Serena ce ke riƙe da kofin shekara biyu a jere. Ta durƙusa a kan ciyawa, ta miƙe ta hau cikin 'yan kallo ta rungume babanta Yuri, mutumin da ya kai ta Florida tun tana ƙarama da dala 700 a aljihu, ba ya jin Turanci. Ta karɓi wayarsa ta dawo fili, ana jiran a miƙa kofi, ita kuwa tana ta danna lambar mahaifiyarta. Kira ya ƙi shiga. Ta duba wayar, ta sake dannawa, tana dariya, dubban mutane na dariya tare da ita, duniya na kallo. Ba a rufa wata biyu ba kamfanin Motorola ya sa hannu da ita a kan kwangilar talla. Doguwa ce, mita 1.88, fara, mai farin gashi, 'yar Rasha mai Turancin Amurkawa. Masu talla ko a mafarki suka ƙera mutum, iyakar abin da za su ƙera ke nan.

A ƙarshen wannan shekarar ta sake doke Serena a Los Angeles. Daga nan kuma ƙofa ta rufe. Sun sake haɗuwa sau 19, Serena ta cinye duka. Jimillar karawarsu 20 da 2. Wadda ta fi ciwo ita ce ta Olamfik ɗin Landan a 2012, inda Sharapova ce ta riƙe wa Rasha tuta ranar buɗe gasa, sannan suka haɗu a wasan ƙarshe a wannan fili dai na Wimbledon, kowa sanye da launin ƙasarsa. Awa ɗaya da 'yan mintoci aka tashi, 6-0 da 6-1. A manyan gasanni huɗu na tanis Serena ta tara kofi 23, Sharapova 5. A kuɗin da fili ke bayarwa ma haka: Serena ta tashi da kusan dala miliyan 95, Sharapova kusan 39.

Amma shekara 11 a jere, daga 2005 zuwa 2015, Sharapova ce mujallar Forbes ke sawa a kan gaba cikin matan da suka fi samun kuɗi a wasanni. A lissafin 2015, shekarar da Serena ta haɗa manyan kofuna huɗun duka a hannunta lokaci ɗaya, Sharapova ta samu dala miliyan 29.7, Serena 24.6. Bambancin daga talla yake: miliyan 23 da miliyan 13. A nan ne zancen kishin ƙasa ke rikicewa. Da tuta ce ke juya kasuwa, da kamfanonin Amurka sun yi layi a ƙofar 'yar ƙasarsu da ke lallasa 'yar Rasha duk inda suka gamu. Sai ga Nike da Motorola da Tiffany, duk na Amurka, suna zuba kuɗi a kan baƙuwa. Launin fata da sigar jiki suka rinjayi fasfo.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan wasa aljihu biyu gare shi. Na farko fili ke cika shi, kuma fili ba ruwansa da fuskarka: ƙwallo ta faɗa ciki ko ta faɗa waje. Na biyu mai sayar da agogo da turare da mota ke cika shi, shi kuwa ba kofi yake saye ba, fuskar da mai sayen kayansa zai so ya zama yake nema. Mai sayen agogon dala dubu biyar a Turai ko Japan, a tunanin 'yan talla, yana mafarkin doguwa siririya fara. In ka tuhume su sai su ce ba su suka zaɓa ba, kasuwa ce. Rabin gaskiya ke nan, don allunan tallarsu ne suka shekara da shekaru suna koya wa ido abin da zai kira kyau. Mu ma bai kamata mu yi saurin nuna yatsa ba. Mu ne masu cewa farar mace alkyabbar mata, kuma mai shagon man bilicin bai taɓa kukan rashin ciniki ba.

Abin ba a talla kaɗai ya tsaya ba, yakan biyo 'yar wasa har cikin fili. A 2009 jaridun Ingila sun ruwaito wani kakakin Wimbledon yana amsa cewa kyan sura na cikin abin da ake dubawa wajen zaɓen wadda za ta buga a babban fili, wanda shi talabijin ke haskawa. A 2013 kuma, ranar da Marion Bartoli ta Faransa ta ci kofin Wimbledon, mai sharhin BBC John Inverdale ya tsaya yana tunanin ko babanta ya gaya mata tun tana yarinya cewa ba za ta taɓa zama kyakkyawa kamar Sharapova ba, don haka sai ta dage. Mace ta kai ƙololuwar sana'arta, amma ana auna ta da wadda tun zagaye na biyu aka yi waje da ita a gasar.

Kada a ɗauka ina cewa Sharapova fuska ce kawai. Duk wanda ya kalle ta ya san ba haka ba ne. Ta ci kowane ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗun, abin da mata ƙalilan suka taɓa yi. An yi mata tiyata a kafaɗa a 2008, irin wadda kan kashe sana'ar ɗan tanis, ta dawo ta ci gasar Faransa sau biyu a kan jar ƙasa, filin da da can ba ta iya shi ba. Wadda ake misali da ita wajen suna ya fi aiki ita ce Anna Kournikova, wadda ba ta taɓa cin kofin WTA na 'yan ɗai-ɗai ba, amma sunanta ya cika intanet har aka sa wa wata cutar kwamfuta a 2001. Ita ma ɗin an zalunce ta ta wata fuskar: ta kai ta 8 a duniya, ta zama ta ɗaya a wasan bibbiyu, ta ci kofin Ostareliya sau biyu tare da Martina Hingis, amma ba mai tuna wannan. Kyau yana ninka abin da mutum ya samu, sannan ya sa a daina yarda cewa da guminsa ya samu.

Masana tattalin arziki biyu, Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, sun auna irin wannan a 1994 a kan ma'aikatan Amurka da Kanada, ba 'yan wasa ba, talakawan ofis da masana'anta. Sun samu cewa waɗanda aka ɗauka ba su da kyau suna samun kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ƙasa da na tsaka-tsaki, kuma abin bai bar maza ba. A ƙwallon ƙafa David Beckham ne misalin da kowa ya sani, sai dai a wurin namiji wuƙar baki biyu gare ta. Gabar Ingila da Ajantina tsohuwa ce, akwai yaƙin tsibiran Falkland na 1982 a ciki, akwai ƙwallon hannun Maradona ta 1986. Da aka ba Beckham jan kati a karawarsu ta gasar cin kofin duniya ta 1998 bayan ya shuri Diego Simeone, Ingila ta fita a bugun fenariti, duk gayun da ake yaba masa ya koma abin tuhuma. Kwanaki kaɗan kafin gasar an ɗauke shi hoto ya ɗaura zani, to sanye da zanin aka rataye mutum-mutuminsa a ƙofar wata mashaya a Landan. Shekara huɗu bayan haka ya ci Ajantina da fenariti a Sapporo, aka wanke shi tas. A 2003 Real Madrid ta saye shi, ta wuce da shi yawon Asiya inda rigarsa ke tafiya kamar ruwa, ta kuma bar Claude Makélélé, mai aikin wahala a tsakiya, ya tafi Chelsea saboda an ƙi ƙara masa albashi. Madrid ba ta sake ɗaga kofin La Liga ba sai 2007.

Bizar da na ce kuwa tana da ranar ƙarewa. A watan Maris na 2016 Sharapova ta kira 'yan jarida ta ce an same ta da meldonium a gasar Ostareliya, maganin da ake yi a Latbiya, wanda ta ce ta shekara goma tana sha, wanda kuma aka haramta daga 1 ga Janairun wannan shekarar. Lokacin ya zo daidai da fallasar maguɗin da hukumomin wasannin Rasha suka daɗe suna yi. Dare ɗaya, matar da ta tashi a Florida ta koma 'yar Rasha a bakin jaridun Yamma. An dakatar da ita shekara biyu, kotun wasanni ta rage zuwa wata 15. A watan Satumba kuma wasu masu kutse, waɗanda daga baya Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha da aikin, suka fasa rumbun WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi a wasanni ta duniya, suka watsa takardun asibitin Serena da Venus da Simone Biles, 'yar wasan alkafura ta Amurka. Magungunan da ke ciki duk da izinin hukuma aka sha su, amma ba a fito da su don a karanta ba. An fito da su ne don a ce wa duniya: ga tsokar da kuke gani, ga inda ta fito. Maganar Tarpischev ce dai, aka sa mata hatimi.

Inda abin ya fi muni shi ne idan zargin ya tashi daga "ba ta da kyau" ya koma "ba mace ba ce". A gasar guje-guje ta duniya a Balin a 2009 Caster Semenya ta Afirka ta Kudu, tana da shekara 18, ta ci tseren mita 800 da tazara mai yawa. Mariya Savinova ta Rasha, wadda ta zo ta biyar, da aka tambaye ta sai ta ce wa 'yan jarida su dai dube ta kawai. Afirka ta Kudu ta ɗauki abin a matsayin cin fuskar ƙasa, har ministan wasanninta Makhenkesi Stofile ya yi barazanar yaƙin duniya na uku in aka hana ta gudu. Amma dubi yadda aka kare ta a gida: wata mujalla ta sa mata doguwar riga da sarƙa da awarwaro, aka gyara mata gashi, aka buga a bango. Wato su ma sun yarda a kotun ido za a yi shari'ar. Batun yawan sinadarin maza a jikin wasu mata da abin da yake ƙara masu a tsere muhawara ce ta gaske, kotuna sun shekara suna kai-kawo a kanta. Abin da nake nunawa shi ne wa ake fara tsayarwa a bincika, kuma da wane ma'auni. A Landan a 2012 Savinova ta ci zinare, Semenya azurfa. A 2017 kotun wasanni ta tabbatar Savinova ta daɗe tana amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka karɓe zinaren, ya koma hannun Semenya. Shekarun nan duka babu wanda ya ce a dubi Savinova, don ba abin da ido zai tsinta a jikinta.

Laifi tudu ne. Kafin mu ce wannan halin Turawa ne, mu tuna namu. Tun da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta Afirka, Super Falcons ke cinye ta, sai a 2008 Ikwatoriyal Gini, ƙasar da mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma biyu-uku a Kano ba, ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe ta ɗauki kofin a gidanta. A 2010 a Afirka ta Kudu muka rama, 4-2 a wasan ƙarshe, Perpetua Nkwocha ta tashi da ƙwallo 11 a gasar. Duk da mun ci, hukumar ƙwallon Najeriya ta kai ƙara CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, cewa akwai maza a cikin tawagarsu. Sunaye uku aka riƙa ambata: Genoveva Añonma da wasu 'yan'uwa biyu, Salimata da Bilguisa Simporé. Wasu 'yan wasan Ghana ma sun yi irin wannan ƙorafi.

Na tuna hirar da aka yi a majalisarmu a kwanakin, a bakin teburin mai shayi. Wani dattijo da muke girmamawa ya karɓi jarida ya ƙura wa hoton ido, ya matso da shi kusa da fitila, ya ce, "Haba Malam, wannan ai da gani ba tambaya, ƙato ne." Aka yi dariya. Wani yaro a gefe ya ce, "Baba, to ai namu ma haka Turawa ke ce masu in sun je waje." Dattijon bai ko ɗago ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce wannan daban, wannan baƙin ciki ne kawai irin na Bature. Shekara ɗaya kafin nan, a wannan benci dai, shi ne ya fi kowa zafi a kan abin da aka yi wa Semenya.

Shugabanni ma ba su tsira ba. A 2021 Shugabar Tanzaniya Samia Suluhu Hassan, mace, ta tsaya a wani biki na karrama 'yan wasa tana jimamin cewa wasu 'yan ƙwallon mata ƙirjinsu a shafe yake, in ka gan su sai ka ce maza ne, aure zai yi masu wuya. Da tausayi ta faɗa, tana neman a kula da rayuwarsu bayan sun daina wasa. Amma ma'aunin da ta ɗauko shi ne dai wanda aka gwada 'yan gidan Press da shi.

Ikwatoriyal Gini kuwa tana da laifi na gaske, sai dai ba inda muka nuna ba. A takardu yake. Sun riƙa kwaso 'yan wasa daga waje, musamman Brazil, suna ba su shaidar zama 'yan ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, har a 2017 FIFA ta hana su shiga gasar cin kofin duniya ta 2019 saboda 'yan wasa goma da ba su cancanta ba da kuma takardun jabu. Wannan sai da aka zauna aka bi fayil ɗaya bayan ɗaya. 'Yan gidan Simporé ba a tafi da su gasar duniya ta 2011 a Jamus ba, kuma ba a taɓa fito da wata hujja a kansu ba. Añonma ta je, ita ta ci ƙwallo biyun da ƙasarta ta zura wa Ostareliya. Ta koma ƙungiyar Turbine Potsdam ta fi kowa cin ƙwallo a gasar Jamus da 22, aka zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta 2012. Sai a 2015 ta gaya wa BBC abin da ya same ta bayan gasar 2008: jami'ai suka sa ta tuɓe tsirara a gabansu da gaban 'yan tawagarta don su gani da idonsu. Ta ce ta yi ta kuka. Ta zaci asibiti za a kai ta a yi mata gwaji, ba a kai ta ba.